Abin da Kawu Ya Cika da Shi

Duk wanda yake son sanin darajar mutum a bayan ƙasa, kada ya wahalar da kansa da karanta abin da aka rubuta a kansa. Ya je ya dubi takalman da aka tuɓe a ƙofar gidansa ranar sadakar uku. A nan tarihi yake yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Ranar sadakar ukun Kawuna, yayan mahaifiyata, takalma sun cika barandar gidansa da ke unguwar Pantai Dalam a Malesiya har sun kai bakin lif. Akwai sau-ciki na malaman jami'a, akwai silifas na ɗalibai, akwai na maƙwabta 'yan Malay da suka taya mu wanka da sutura ba tare da mun roƙa ba. Can gefe kuma, nesa da na kowa, akwai takalman mutum biyu, ɗaya na roba, ɗaya na fata da ya sha ɗinki. Shigowar masu su ce ta sa aka rage murya a falo.

Kafin su zo, zaman makokin yana tafiya yadda aka saba. Wani ɗalibi daga unguwar Setapak yana ta share hawaye yana cewa, "Wallahi da ba don shi ba da tuni na tattara na koma gida. Sufabaiza ta yi rijektin ɗin babina har na daina ƙirgawa, shi ya zaunar da ni muka gyara." Wani dattijo da muke kira Alhaji, wanda shi ne babba a cikin 'yan Arewa mazauna garin, ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutum ne mai ilimi, mai haƙuri, sai dai..." Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya nemi ya ƙarasa. Na koyar da Hausa a sakandare shekaru da dama kafin in zo ƙaro karatu, ban taɓa ganin inda "sai dai" ta yi aiki mai nauyin wannan ba.

A ɗakin mata kuwa an ƙarasa zancen. Wata baiwar Allah, da kyakkyawar niyya irin wadda take kashe mutum, ta ce, "Ikon Allah. Duk musulmin da ke garin nan, a ce a hannun masu bautar gumaka ya cika." Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan dardumarta cikin takaba, ta ji. Tun daga lokacin ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis bayan la'asar Kawu yana shan shayi a shagon mamak, irin shagunan abincin nan na Indiyawa musulmi, tare da abokansa biyu, sai zuciyarsa ta buga. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka sa shi a mota suka nufi asibiti, kafin su kai rai ya yi halinsa. In ban da shi, babu musulmi ko ɗaya a cikin motar. Mu kuwa mutane ne da ba ma tambayar me ya kashe mutum sai mun tambayi da me ya cika. Inna ba ta neman komai a duniya a ranakun nan sai amsar tambaya ɗaya: mijinta ya yi kalmar shahada ko bai yi ba? Shaidun da Allah ya bar mata su ne mutanen da ta yi shekaru tana kira "abokan Malam na gumaka".

Ina rubuta wannan ne don kada "sai dai" ɗin Alhaji ta zama ita ce abin da ya rage na Kawu.

Da furfura a gemunsa ya zo Malesiya yin digiri na uku a fannin kwatanta addinai, bayan ya gaji da koyar da fiƙihu a wata kwalejin horon malamai a Kano. Ya zo da niyyar komawa, jami'ar ta riƙe shi, shi kuma bai yi gardama ba. Da koren biro yake duba aikin ɗalibai, don a cewarsa jan biro zubar da jini ne. In ka yi masa tambaya sai ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, sannan ya ce, "Me kake nufi da wannan kalmar?" Mutane da yawa sun shiga ofishinsa da ra'ayi sun fito ba su da shi. Lema kuwa ya saya ba adadi. Duk tashar jirgin ƙasa ta Lembah Pantai babu inda bai yi sadakar lema ba tare da niyya ba.

Yana cewa, "Wanda bai taɓa leƙa gidan kowa ba, in ya ce gidansu ya fi, wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma sa'a ya ci, ba hujja ya kawo ba."

Satin da na iso ƙasar ya ce, "Ɗan ƙanwata, zo in kai ka makarantar da ba ta ba da takarda." Ya kai ni teburin Alhamis. A nan na fara ganin mutanen biyu. Na farko ɗan asalin Sin ne, siriri, tsohon safiyo, mabiyin addinin Buda. Na biyu ɗan ƙabilar Tamil ne, mai tumbi da dariya, tsohon hedimasta, mabiyin wani reshe na addinin Hindu da yake cewa babu komai a samuwa sai abu ɗaya. Kawu ya raɗa musu suna da Hausa, kuma sun karɓa ba su san iyakar abin da suka karɓa ba: Malam Babu da Malam Ɗaya.

Malam Babu yana cewa in ka bincika cikin mutum, ka ware jiki, ka ware ji, ka ware tunani, ba za ka tarar da wani tsayayyen "ni" ba. Abubuwa ne suke zuwa suna wucewa, kamar ruwan kogi da muke ba suna ɗaya alhali na jiya ba shi ne na yau ba. Malam Ɗaya yana cewa akasin haka: akwai "ni", sai dai guda ɗaya ne tak, shi ne a cikina, shi ne a cikinka, shi ne a cikin kyanwar da ke ƙarƙashin tebur, bambancin da muke gani ruɗin ido ne, kamar wanda ya ga igiya da magariba ya ɗauka maciji ne. Kawu ya taƙaita mini a kunne: "Wannan ya ce gidan ba kowa. Wancan ya ce gidan mutum ɗaya ne, kuma shi ne unguwar. Ni an kira ni in duba mitar wuta."

Ranar ce sauro ya sauka a hannun Malam Babu. Addininsa ya hana shi kashe duk abin da yake numfashi, sai ya sunkuya yana hura masa iska a hankali kamar mai lallashin jariri. Malam Ɗaya ya ce, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar suke rufe zance da ita, "Bar shi ya sha, lah. Kai ne kake shan kanka." Ana cikin haka Kawu ya miƙa hannu, tas! Ya goge tafinsa da tishu ya ce, "Ni kaɗai ne a teburin nan addinina ya ba ni izinin ceton ku daga zazzaɓi."

Gardamarsu ɗaya ce, sai dai tana sake riga kowane mako: wane ne a cikinsu ya fi ɗaure kansa da aƙida? Malam Babu yana alfahari da cewa tafarkinsu babu makauniyar biyayya. "Ba a ce ka yarda ba," in ji shi. "An ce ka zauna, ka natsu, ka lura da numfashinka, ka gani da kanka."

"Na ji," in ji Kawu. "To in na zauna na lura, sai na ga akwai ni?"

"Ba ka zauna daidai ba."

"In na sake zama na sake gani?"

"Sai ka ƙara zama."

"Ka ga irin jarrabawar da nake so," in ji Kawu yana dubana. "Ɗalibi yana da 'yancin rubuta abin da ya ga dama, amsar dai tana aljihun malam. Kuma maganar a mutu a sake haihuwa, wannan a wane zaman ka gan ta?"

Malam Babu bai ji haushi ba. Ya ce, "Ban gani ba. Na karɓa ne daga wanda na gwada shi a ƙananan abubuwa ban same shi da ƙarya ba." Kawu ya buga tebur ya ce, "To barka da zuwa! Mu ma sunan abin ke nan a wurinmu."

Malam Ɗaya yana ta dariya, yana ganin an gama da abokin gardamarsa. Shi ai ba shi da aƙida, in ji shi. Duk hanyoyi dutse ɗaya suke hawa, duk sunaye na abu ɗaya ne, kowa yana da gaskiya daidai inda ya kai. Kawu ya juya kansa ya ce, "Kai naka ya fi tsanani. Gidan Babu yana da katanga da ƙofa, in na fita na san na fita. Naka ba katanga, saboda haka ba hanyar fita. Ka zagaye ni ba ka tambaye ni ba. Kuma mai cewa duk hanyoyi ƙololuwa ɗaya suke zuwa, ina yake tsaye da ya hango su duka?" Sannan ya miƙa cokalinsa zai ɗebi miyar waken da ke gaban Malam Ɗaya. Mutumin ya janye farantin da sauri, don cokalin ya taɓa naman akuya, shi kuwa ba ya cin nama. Kawu ya ce, "Ashe dai mu biyu ne."

Sau ɗaya na ga wasan ya zama faɗa. Malam Ɗaya ya ce wa Kawu, cikin ƙauna, ai tauhidin musulmi da abin da shi yake faɗa duk ɗaya ne. In babu abin bauta sai ɗaya, to ƙarshen zancen babu komai sai ɗaya, kuma Kawu da Ubangijinsa ba biyu ba ne, bai dai farga ba tukuna. Fuskar Kawu ta sauya. Bai cire tabarau ba. Ya ce, "Bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. In na sa goshina a ƙasa ba kaina nake gaisarwa ba. Ka musa mini, zan zauna mu yi har magariba. Amma kada ka ce mini na yarda da kai ban sani ba." Ya tashi ya tafi, har da lemarsa, abin da ya nuna mini ransa ya ɓaci da gaske.

Ya yi makonni bai je teburin ba. Inna ta yi murna a fili. Sai ga Malam Ɗaya wata ranar Alhamis a ƙofar ofishinsa da ledar ayaba a hannu, yana cewa, "Furofesa, na zo in ba ka haƙuri. A ganina har yanzu ba wanda ya ɓata wa wani, tun da ba wani. Amma teburin ba daɗi." Kawu ya ce wannan ne tuba mafi rauni da ya taɓa karɓa, kuma ya karɓa.

Da matar Malam Babu ta rasu, mutumin ya zauna a falonsa miƙe kamar sanda, yana gaya wa masu gaisuwa cewa duk abin da aka haɗa sai ya rabu, baƙin ciki kuma daga riƙo yake zuwa. Idonsa a bushe. Kawu ya riƙa zuwa kowace yamma bayan lakca, ya zauna, ba wa'azi, ba gardama. Wata rana na raka shi. Muna zaune shiru sai ya dafa gwiwar mutumin ya ce, "Babu, kai ka ce mini babu kai. To ba wanda zai ji kunya. Yi kukanka." Tsohon ya kifa kansa a kafaɗar Kawu ya yi kuka irin na yaro. Da muka fito Kawu ya ce mini, "Kada ka gaya wa Ɗaya. Zai ce hujja ce."

Wannan zumuncin bai zo wa Kawu kyauta ba. An gan shi yana fitowa daga ɗakin bautar 'yan Buda a unguwar Brickfields ba takalmi, ya kai ɗalibansa ziyarar karatu. Kafin Juma'a labarin ya zaga Setapak ya dawo da ƙari. Bayan an idar da salla wani matashi mai zafin kishin addini ya tare shi a harabar masallaci ya ce, "Malam, an ce an ga ka tuɓe takalmi a gidan gunki." Kawu ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Takalmi na tuɓe. Imanina da shi na shiga, da shi na fito. In kana so gobe ka zo mu je, ka riƙe mini takalmin." An yi dariya, amma daga ranar aka daina tura shi gaba in liman bai zo ba. Ya lura. Bai taɓa magana a kai ba, sai dai ya koma zuwa masallaci da wuri yana zama a ƙarshen sahu, jikin bango.

A gida ma akwai nasa shari'ar. Inna ta ce littafin da yake da hoton gunki a bango ba zai kwana a ɗakinta ba, mala'iku ba sa shiga. Kawu bai ja ba. Ya sayo takardar ruwan ƙasa ya yi wa littattafan riga ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan firamare a farkon zango. Ta ce, "Malam, mala'iku ba sa gani ta cikin takarda ne?" Ya ce, "Suna gani, Hajiya. Amma za su ga na yi ƙoƙari." Duk ranar Alhamis in ya dawo sai ya ba ta labarin teburin tana yankan albasa tana tsaki. Na ɗauka ba ta saurara. Ashe ba abin da ya wuce ta.

To, su ne suka shigo falo ranar sadakar uku. Malam Ɗaya ya zo da furanni, ya rasa inda zai ajiye su, ya riƙe a cinya. Malam Babu ya sa farar riga, ya zauna a bakin kujera. Aka miƙa musu ruwa.

Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, ta kira ni. Ta ce in kawo su bakin ƙofa, in yi mata tafinta. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Shaidar wanda ba musulmi ba a irin wannan lamari..."

"Alhaji, ba kotu na zo ba," in ji ta. "Miji na rasa."

Aka jawo musu kujeru biyu gaban labulen. Malam Ɗaya ya fara. Ya ce kada Madam ta yi baƙin ciki, Furofesa bai tafi ko'ina ba. In tulu ya fashe, sararin da ke cikinsa ba ya mutuwa, haɗuwa yake da sararin waje. Ya daɗe yana magana, hawaye yana bin kumatunsa, ni kuma ina fassarawa ina ragewa.

"Ka ce masa na gode," in ji Inna. "Ba tulu na tambaya ba. Ya yi kalmar shahada?"

Malam Ɗaya ya share fuska ya ce shi ne ya zauna a baya, kan Kawu a cinyarsa. Ya ce Kawu ya taɓa gaya musu cewa musulmi in zai mutu ana faɗa masa kalmar a kunne. Shi kuma tun yana yaro gidansu yana jikin masallacin unguwa, ya haddace ta daga kiran salla ba tare da ya nema ba. Da ya ga numfashin yana sama sama, sai ya sunkuya ya faɗa masa. Kawu ya maimaita.

Falon ya ɗauki ƙus-ƙus. Wani ya yi kabbara. Wani ya ce, "To shi ma ai ya shigo ke nan." Na fassara wa Malam Ɗaya, ya girgiza kai ya ce ba inda ya shiga, ba inda ya fita, sunayen duka na abu ɗaya ne, bai ga dalilin da zai hana abokinsa sunan da ya fi so ba.

Inna ta ce, ƙasa ƙasa, don ni kaɗai, "Wannan mutumin kirki ne, amma ko tari Malam ya yi zai ce sunan Allah ya kira. Tambayar mini wancan mai farar rigar. Malam ya ce bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko ta wasa, addininsa ya hana."

Na juya ga Malam Babu. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya ce, "Ni nake tuƙi. Ni ban faɗa masa ba, don ban yi imani da ita ba, kuma ba na furta abin da ban yi imani da shi ba. Amma na ji. Kalmomin nan ne da nake ji daga lasifika kowace asuba. Ya faɗa, ya sake faɗa. Muryarsa a fili take."

Abin da ya fito daga bayan labulen ban san sunansa ba. Hamdala ce da kuka a haɗe. Mata suka ɗauka, maza suka shafa. Na ga Alhaji ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa. A raina na ce, yau taurin kan Malam Babu, da Kawu ya yi shekaru yana zolaya, shi ne ya zama wa Inna abin dafawa. Kuma sakin fuskar Malam Ɗaya, da ta taɓa raba su, ita ce ta buɗe bakinsa a cikin motar. Da an musanya musu kujera, na baya ba zai faɗa ba, na gaba kuma ba za a yarda da shi ba.

Da an tsaya a nan da an tashi lafiya. Amma Inna 'yar malamai ce, ta san ba faɗar kalmar kaɗai ake nema ba, ana so ta zama ita ce ta ƙarshe. Ta ce, "Daga nan bai sake magana ba?"

"Bai sake ba," in ji Malam Ɗaya da sauri. "Shiru. Lafiya lau."

Malam Babu yana duban gwiwarsa. Malam Ɗaya ya taɓa shi da gwiwar hannu ya ce, "Ya isa, lah."

"Ta tambaya," in ji Malam Babu.

"Wani lokaci tausayi ya fi gaskiya zama gaskiya."

"Saƙo ya ba ni. Ba nawa ba ne da zan riƙe."

Ya ɗaga kai ya dubi labulen, ya faɗa da Turancinsa mai sanyi. Na buɗe baki ina neman yadda zan juya zancen, amma ba a buƙaci tafinta ba. Kalmar magani Inna ta san ta da harshe uku, don ta yi shekaru tana bin Kawu da ita daga ɗaki zuwa lif.

Abin da Kawu ya ce, suna dab da ƙofar asibiti, shi ne: "Ku gaya wa Hajiya na sha maganina."

Malam Ɗaya ya ce ya sake faɗa masa kalmar bayan nan, kuma ya ga leɓɓansa suna motsi. Inna ta ce in tambayi na gaban. Malam Babu ya ce ruwa yana dukan rufin mota, shi kuma yana neman ƙofar shiga, bai ji ba, ba zai ce ya ji ba.

"To maganin," in ji Inna, "ya sha?"

"Ya ce in gaya miki ya sha," in ji Malam Babu. "Na gaya miki ya ce."

Sai muka ji dariya daga bayan labulen, gajeriya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ta ce, "Malam ke nan." Ta ja numfashi. "Ya ambaci Ubangijinsa, shaidu biyu sun ji. Ya tuna da ni. Abin da ya rage tsakaninsa da Mai shi ne, kuma Mai shi ya fi mu jin motsin leɓe. Maganar magani kuwa, da bakinsa ya ce ya sha, ni ba zan ƙaryata mamaci ba." Daga nan ta ce a zubo mata abinci. Ta kuma ce a ƙulla wa baƙin nata su tafi da shi. Malam Ɗaya ba ya cin nama, Malam Babu kuma ranar tana cikin ranakun da ba ya cin komai bayan rana ta take tsaka. Dukansu suka karɓa da hannu biyu.

Na raka su har lif. Malam Ɗaya ya manta bai ajiye furannin ba, yana rungume da su. Kafin ƙofar ta rufe na ji yana cewa, "Da ka yi shiru me zai ragu a jikinka?" Malam Babu ya ce, "Da ba ta yarda da na farkon ba." Ban ji amsar ba. Ba mai raba su yanzu.

Kawu, Allah ya karɓi wadda aka ji, ya karɓi wadda ba a ji ba. Ya yalwata maka makwanci, ya sa ka a sahun gaba inda ba mai cewa "sai dai". Ya ba Inna haƙurin da ya fi wanda muke yi mata fata da baki.

Ni na karɓo kayansa daga asibiti. Ƙwayoyin maganin suna aljihun gaban rigarsa, a ƙulle cikin tishun da Inna ta naɗe su da safe.